Littafin Ƙyalle da Rawanin Alhusaini

Azumin bana ya same mu cikin zafi, irin zafin Yamai da ke sa ƙarfen ƙofa ya ƙona hannu tun da hantsi. Masu lissafi sun ce azumi yakan yi shekara talatin da uku kafin ya zagayo inda ya baro. Ni ban iya wannan lissafin ba, amma maƙogwarona ya iya. Ran uku ga wata ina kwance a zaure, an ɗauke wuta, sai jikata ta zo ta ɗora mini wani littafi a ƙirji, na lakwal ɗinsu, wato makaranta, mai takarda mai santsi da hotunan yara iri-iri riƙe da hannun juna. Ta ce in buɗe mata mu kalli hotunan. Na ce idona ba ya gani. Ba gaskiya ba ne, har yau ina zura zare a allura ba tabarau. Abin da ya hana ni shi ne na taɓa yin irin wannan littafin da hannuna, kuma da hannun nawa na ɓata shi.

Sunana Isa, tela ne ni, mutumin Tasawa. A wancan azumin, shekara talatin da uku da suka wuce, ina da rumfar ɗinki a gefen Babbar Kasuwa, muna haya a unguwar Dar es Salam. Wanda ya san unguwar yanzu, da benaye da shaguna, ba zai yarda ba in na ce a lokacin bakin gari ce: gida nan, fili can, awaki suna kiwo a inda yau ake sayar da wayoyi. Gidanmu ɗaki huɗu ne a jere, tsakar gida ɗaya, da dogon-yaro ɗaya wanda inuwarsa ba ta isar mu duka. Ɗakin farko namu ne, ni da matata Rabi da ɗiyarmu Zinatu mai shekara shida. Na biyu na Madam Hamsatu ne, Bazabarmiya, malamar lakwal, mijinta direba ne, kullum yana kan hanya. Na uku na Tanti Afi, mutuniyar Togo, Kirista, mai soya kifi, ita kaɗai ke da firiji a duk layinmu. Na ƙarshe na Alhusaini ne, mutumin Abzin, maƙerin azurfa, da matarsa da ɗiyarsu Tima, sa'ar Zinatu. Yaran nan biyu ko wanka tare ake yi musu, don in an raba su ba a gama kukan ba sai ruwan ya ƙare.

Zafin shekarar ban ga irinsa ba sai bana. Tun da asuba iska take fitowa da ɗumi, kafin hantsi kwanon rufi ya fara ƙara yana miƙewa. Kogi ya janye har yara suna buga ƙwallo a kan yashin tsakiyarsa. Famfon unguwa sai ya ga dama. Mata su jera bokiti tun safe, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Mai ga-ruwa ya zama babban mutum, ana yi masa magana a hankali. Gero ya yi tsada, sukari ya yi tsada, kunun da Rabi take damawa kullum ƙara tsinkewa yake, har na ce mata wata rana zan ga fuskata a ciki. Ta ce in na gan ta in gaishe ta.

Gari kuma ba lafiya. Ma'aikata suna yajin aiki, an rufe lakwal, ɗalibai suna fita zanga-zanga. Kana tsakiyar ɗinki sai ka ji an ce ga su nan, a ja ƙofofin kasuwa, hayaƙin taya ya tashi, barkonon tsohuwa ya biyo iska ya same ka da busasshen maƙogwaro, ba damar kurɓar ruwa. Daga arewa kuma rediyo yana kawo labarin tawaye, yau an tare mota, gobe an kai hari. Wannan labarin shi ne ya shigo mana har cikin gida. Mutane suka fara kallon duk mai rawanin Abzinawa da wutsiyar ido. Aka ce ana tsayar da su a hanya ana yi musu tambayoyi, wani ya dawo da yamma, wani sai bayan kwanaki. Alhusaini ya daina zuwa inda yake baje zobbansa. Ya dawo da kayan ƙirarsa ƙofar ɗaki, ya wuni yana ƙwanƙwasa azurfa da ƴar gudumarsa, ba mai saye.

Abu ɗaya da bai canja ba shi ne ciyayya. Muna da wani kwano mai lotsattsen murfi, ba wanda ya tuna asalin mai shi. Bayan la'asar Rabi ta zuba ƙosai a ciki, Zinatu ta kai ɗakin Madam. Madam ta ɗebi nata ta ƙara kopto, wato zogale da ƙuli-ƙuli irin nasu na Zabarmawa. Daga nan sai wurin Tanti Afi, wadda ba ta azumi amma ta fi kowa cin ƙosai. In wuta ta ɗan zauna a ranar, ta ɗora ƙanƙara a leda kan murfin. Sai ɗakin ƙarshe, Tima ta karɓa, uwarta ta sa dabino da ɗan cuku. Kafin ladan ya kira magariba kwanon ya dawo mana da ɗanɗanon ɗaki huɗu. Yanzu kowa da firijinsa da ƙofarsa ta ƙarfe, ina da maƙwabcin da sai a masallaci nake ganinsa. A lokacin mu maza tabarma ɗaya muke shimfiɗawa a gindin dogon-yaro, Alhusaini yana dafa shayi, yana shigar da kofin ta ƙarƙashin rawani. Shekara huɗu muna gida ɗaya ban taɓa ganin bakinsa ba.

Yara ba lakwal, ba abin yi, sai suka ƙirƙiro wasa: soja da ɗan tawaye. Yaran layi kusan goma suke taruwa a gidanmu, kuma kullum Tima ce ɗan tawayen. Wata rana na dawo da wuri saboda an rufe kasuwa, na tarar an ɗaure ta a jikin dogon-yaro da igiyar shanya, tana ta ƙoƙarin yin dariya, hawaye na zuba. Wadda ta yi ƙullin Zinatu ce. Ƙulli mai kyau kuwa, irin wanda na koya mata. Alhusaini yana zaune a ƙofar ɗakinsa, bai ɗaga kai daga aikinsa ba, amma gudumar ta yi shiru.

Madam Hamsatu ce ta fito ta kwance ta, ta kori yaran, sannan ta juyo kaina.

"Baban Zinatu, ka ga aikin ɗiyarka?"

"Yara ne, Madam."

"Yara ne, amma a bakinmu suka ji. Da a lakwal ne, da na buɗe musu littahi mai hoto mun zauna a kansa. To, littattahan suna kulle a klas."

"Ni mi zan yi? Ni ko sunana da ƙyar nike rubutawa."

"Kana da ƙyallaye buhu guda a rumfarka. Ni ina da labari, kai kana da allura."

Labarin nata ba wani abu ba ne, labarin kwanonmu ne. Shafi huɗu, ƙofa huɗu, kwano yana tafiya ana ƙara masa. Shafi na biyar ladan a kan katanga da rana tana faɗuwa. Shafi na shida duk mutanen gida a tabarma ɗaya, kwanon a tsakiya. Na yanko farin akoko shida, kowanne faɗinsa kamar faifai. Madam ta kafa doka ɗaya: kowane mutum a cikin littafin da ƙyallen tufarsa ta gaske za a yi shi, don yaro in ya buɗe ya gane uwarsa. Yaran da jiya suke ɗaure juna suka bazu ɗaki-ɗaki suna roƙon ƙyalle. Rabi ta ba da gefen atamfarta mai ganye. Tanti Afi ta ba da wani yadi mai zanen kifi, ta ce a yi ta siririya, in ba haka ba za ta kai ni ƙara. Madam tana rubuta kalma uku huɗu a ƙasan kowane shafi da bik, wato biro, Hausa a sama, Faransanci a ƙasa. Tima da Zinatu su ne masu riƙe mini almakashi, suna faɗa a kan wa zai miƙo.

Ban yi wa kowa ido ko baki ba, don gudun maganar malamai. Kai kawai, da ɗankwali ko hula, kuma ba wanda ya kasa gane kowa.

Da aka zo shafi na shida, Tima ta je ta rataye a wuyan ubanta. Alhusaini yana da rawuna biyu, na kullum mai fari-fari, da na turkuɗi, baƙin shuni mai ƙyalli, wanda sai Juma'a da salla yake fito da shi daga jakar fata. Na turkuɗin Tima take so. Ya ce a'a. Ta ce sai shi. Madam ta leƙo daga ɗakinta, da yake Zabarmawa da Abzinawa abokan wasa ne, ta ce, "Buzu, ko ƙyallen ma rowa za ka yi?"

Ya ce, "Bazabarmiya ta ga abin kirki, bakinta ya buɗe."

Aka yi dariya. Rabon da in ji muryarsa da wasa tun kafin azumi. Ya shiga ɗaki ya fito da rawanin, ya kama wutsiyarsa, ya yanko kamar tafin hannu da wuƙarsa, ya miƙo mini da hannu biyu.

"Yana zuba, Tela. Kada ruwa ya taɓa shi."

"Ni za ka koya wa tuhwa?" in ji ni.

Na ɗinka Alhusaini zaune a gefen tabarma, da butar shayi a gabansa, rawanin ya rufe kai da baki. Shi kaɗai na yi wa ido, ɗinki biyu da farin zare, domin in ban yi masa ido ba babu abin da ya rage nasa. Tima ta kalla ta kalla, ta ce, "Baba ne." Ta sa leɓenta a kan ƙyallen, leɓen ya yi shuɗi, ta wuni ba ta yarda an goge mata ba. A duk abin da na ɗinka a rayuwata, har manyan riguna na masu kuɗi, ban taɓa jin daɗin wani aiki kamar wannan ɗan mutumin ba.

Saura kwana huɗu salla Madam ta shaida wa yaran layi cewa yau bayan la'asar za a buɗe littafi. Saura a haɗa shafukan a yi musu baki da keken ɗinki, don haka na tafi da shi rumfa. Ranar zafin ya wuce na kullum. Sama ta yi fari fat, ko tsuntsu babu. Ga ɗinkin salla ya taru mini har rufi, ƙafata a kan keke tun safe, leɓena ya tsage, ina haɗiyar abin da babu. Na gama bakin littafin da hantsi, na shimfiɗa shi a kan tebur a buɗe, a shafi na shida. Alfahari ne ya sa, ba komai ba. So nake a gani a yaba.

Wata Hajiya da nake yi wa ɗinki shekara da shekaru ta zo karɓar kayan ƴaƴanta. Mace ce mai kirki, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ta ɗauki littafin tana murmushi, ta ce wannan kuma wace sabuwar sana'a ce. Ta bi shafukan tun daga farko tana dariyar Tanti Afi. Da ta zo na ƙarshe sai murmushin ya tafi.

"Wanga mai ruhwe fuska fa?"

"Maƙwabcina ne, Hajiya. Maƙeri ne."

Ta ƙara kallon shafin. Sannan ta ce ƙanenta soja ne, yana can arewa, wata biyu ba su ji daga gare shi ba, tsohuwarsu ko barci ba ta yi. Ta rufe littafin a hankali ta ajiye.

"Malam Isa, ni ban ce komi ba. Amma ka ɓoye shi, kada wani ya gani ya fassara maka shi yadda ba ka nuhi ba."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, ta kwashi kayanta ta tafi. Telan da ke rumfar kusa da tawa ya ji, ya ɗaga murya don sauran su ji, ya ce, "To, jama'a, ashe muna da telan ƴan tawaye ba mu sani ba!" Aka kwashe da dariya. Wasa yake yi, na sani, mutumin da muke raba goro da shi. Ni ma na yi dariyar, har na fi su.  Can sai ga wata motar masu kaki ta tsaya a bakin ƙofar kasuwa. Lemo suka saya suka wuce, na gan su da idona, amma kafin su wuce na riga na ga kaina a bayan motar, na ga Rabi tana bin ofis-ofis da Zinatu a hannu tana tambayar inda aka kai ni.

Ina so in faɗi wannan yadda yake, don shekaru na yi ina gyara shi a raina. Ba wanda ya tsare ni. Ba wanda ya ce in cire kowa. Da na sa littafin a ƙasan buhun ƙyalle na kai shi gida da yamma, da shi ke nan. Tsoro ne kawai, da yunwa, da wata ƴar murya da ta ce mini me ya haɗa ka da rigimar da ba taka ba. Da aka tafi sallar azahar rumfuna suka yi shiru, na ɗauki reza na zauna a bayan keke. Ɗinkin hannu ne, ƙanana, na yi shi da kyau, sai da na ɗauki lokaci. Na fara da idanun. Na ɓare Alhusaini daga kan tabarmar na cusa shi a aljihu.

Na duba shafin. Alhusaini yana nan. Kwana da kwanaki a cikin zafi, da gumin hannuwan yara da nawa, shunin ya riga ya kama akokon. Ga siffar rawani, ga kafaɗa, ga ramukan allura a jere kewaye da su. A nan na yi wautar da ko ɗan koyo ba zai yi ba: na tsoma tsumma a ruwan guga na goga. Shunin ya narke ya bazu. Na ƙara gogawa, ya ƙara bazuwa. Ni da na ce wa mutum shi zai koya mini tufa? Na lalubo wani jan ƙyalle a buhu, na yanka shi siffar randa, na ɗinke a kan wurin da sauri. Na ce a raina ai tabarmar buɗa-baki ba ta rasa randa kusa. Na ninke littafin da danshinsa na sa a jaka, na je na yi azahar ni kaɗai, ban san abin da na karanta ba.

Bayan la'asar tsakar gidanmu ta cika. Yara sun fi goma sha biyar, an yayyafa ruwa a ƙasa don ta huce, ƙamshin ƙosan Rabi yana tashi yana wahalar da masu azumi. Tanti Afi ta jawo kujerarta. Matar Alhusaini ta tsaya a bakin labule, shi kuma yana zaune a ƙofar ɗaki, kuma na lura ya naɗa rawanin turkuɗin, alhali ranar ba Juma'a ba ce. Na miƙa wa Madam jakar na koma bayan dogon-yaro na tsaya. Ina da damar in ja ta gefe in ce a ɗaga zuwa gobe. Ban yi ba, na tsaya ina fatan yara ba za su lura ba.

Madam ta iya karatu wa yara. Ta ɗaga shafi ta ce, "Wa ke nan?" su amsa da ihu, "Maman Zinatu!" Ta ce, "Mi ta sa a kwano?" su ce, "Ƙosai!" Da aka zo shafi na huɗu, ga Tima a ƙofar ɗakinsu da dabino, yaran da suka ɗaure ta su ne suka fi kowa kiran sunanta. Ta miƙe tsaye tana juyi, tana ce musu ku jira, ku jira, babana yana ƙarshe, shi kaɗai ke da ido.

Madam ta buɗe na ƙarshe, ba ta duba ba ta ɗaga shi sama. Ba wanda ya yi ihu. A cikin jaka danshin ya gama aikinsa. Shunin ya fito ta kowane gefen randar, ta sama ya tsaya da siffar kan mutum mai rawani, har ya buga a bayan shafin ladan. Ga butar shayi a gaban randa, ba mai zubawa. Wani yaro ya ce, "Randa ta zauna a kan Baban Tima," wasu suka fara dariya, suka ga manya ba sa yi, suka daina. Madam ta juyo da shafin ta kalla, ta ɗago ta kalle ni. Rabi ta bar ƙosai a cikin mai ta miƙe.

Zinatu ce ta tambaya. "Baba, ina Baban Tima?"

Na buɗe baki. Wallahi har na shirya in ce ɓera ne ya ci. Ƙyallen yana aljihuna, ina jin sa a jikin cinyata. Tima ba ta kalli littafin ba, ni take kallo, ba da fushi ba, jira take in gyara, don a wurinta Baba Tela ba abin da ba ya iya gyarawa.

"Ni na ce a cire ni."

Muryar Alhusaini ce, daga ƙofar ɗakinsa. Bai tashi ba.

"Na je wurin Tela can rumfarsa da sahe na ce ya cire. Mu ba mu son a yi surarmu. Ya ce yara za su ji ba daɗi, na ce sai ya cire. Madam, ki ci gaba, labari bai ƙare ba."

Duk babban da ke gidan ya san Alhusaini ya fi sati uku bai taka ƙofar waje ba. Mutumin da ko a ciniki ba ya rantsuwa, ya yi ƙarya da bakin azumi a gaban yara goma sha biyar, ni kuwa ina tsaye na bar shi ya yi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige. Madam ta karanta layin ƙarshe, muryarta ba daɗi. Tima ta juya wurin ubanta, ta ce, "Kai ka ba da da hannunka!" Ta fashe da kuka, ta ruga ɗakinmu ta faɗa kan gadon Rabi, ta ƙi komawa nasu har aka kira salla.

Kwanon ya zagaya a ranar kamar kullum, ya dawo da dabino da cuku. Ban iya ci ba. Rabi ta ajiye mini kunu ta juya baya, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari da safe, kafin in tafi rumfa, na je na durƙusa a gaban kayan ƙirar Alhusaini. Na fito da ƙyallen daga aljihu, ya cukuikuye, farin zaren ido ɗaya yana lilo. Na ce masa tsoro ne ya kama ni. Na ba shi labarin Hajiya da motar masu kaki, ina faɗa ina jin yadda abin ba shi da nauyi a gaban mutumin da shi ne ake tsayarwa a hanya. Na ce ya yafe mini. Na ce yau ɗin nan zan cire randar, in yanko sabon akoko, in mayar da shi wurinsa kafin la'asar, in tara yaran in gaya musu gaskiya.

Ya karɓi ƙyallen ya shimfiɗa a gwiwarsa, ya lallashe shi da yatsa har ya miƙe.

"Tsoro kowa na ji, Tela. Ni ma ina ji. Na yahe."

"To, bari in mayar."

"A'a."

"Don Allah, Alhusaini."

"Ba don kai na yi ba. Yaran nan sun ga kai ka ɗumka littahin da ke cewa a zauna tare. In sun ji kai ka cire ni, littahin ya mutu, gobe su koma ga igiya. In ni na ce a cire, Buzu ne da halinsa, shi ke nan." Ya ninke ƙyallen ya sa a jakar fatarsa. "Na riga na faɗa a gaban ɗiyata. Kada ka sa ta san ubanta ya yi ƙarya."

Haka aka bar shi. Littafin ya yi aikinsa kuwa, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Yaran layi suka riƙa zuwa kullum a buɗe musu, suka haddace shi, wasan soja ya mutu, aka koma wasan kwano, ana zuba tsakuwa a murfin gwangwani ana kaiwa ƙofa-ƙofa. Iyayensu suna tare ni a hanya suna sa mini albarka. In an zo shafin ƙarshe yaran da kansu suke bayani, su ce nan wurin Baban Tima ne, shi ya ƙi.

Tima ta yi kwana uku ba ta yi wa ubanta magana ba. In ya kira ta sai ta juya fuska, in ya miƙa mata dabino ta ba Zinatu. Ina kallo daga ƙofar ɗakina yana mayar da hannunsa a hankali. Bayan salla da ƴan makonni suka tattara suka koma wurin danginsu, ba mu sake haɗuwa ba, kuma ban san ko ya taɓa gaya mata ba. Amma a cikin kwana ukun nan, kowace safiya in na fito zan tafi rumfa, sai yarinyar ta taso da gudu ta wuce ubanta a zaune, ta durƙusa a gabana ta ce, "Baba Tela, ina kwana. Sannu da aiki." Ni kuma in ce mata lafiya lau.